Wutsiyar Kaset ɗin Argungu

Da sunan Allah mai rahama. Zuwa ga ɗana Bello.

Bayan sallama, ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa. Ina roƙon Allah ya sa lokacin da za ka warware takardar nan kun wuce Jega lafiya, direbanku na cikin hankalinsa, ya sauke ku Ikko kamar yadda kunka bar Birnin Kebbi. Amin.

Kada ka yi mamakin wasiƙa alhali muna gida ɗaya. Tun da hantsi nake zagaye tsakar gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Sau uku na zo ƙofar ɗakinka kana haɗa kaya, sau uku ina ɓigewa da zancen banza: ka ɗauki bargo, ka sallami Gwaggonka Hassi? Ni da na yi shekara ashirin da biyu ina daka wa ƙarti tsawa a badujalar 'yan sanda, yau bakina ya ƙi buɗuwa gaban yaron da na yi wa wanka da hannuna. To, abin da baki ya kasa bari biro ya gwada.

A aljihun jakar da ka tarar da takardar nan akwai kaset naɗe cikin tsohon hankici. Kada ka saka shi a rikoda sai ka kai ƙarshen karatu. Na yi maka ƙarya, Bello. Kana ɗan shekara goma sha biyu ka same ni ina goge begila, ka ce, “Baba, fuskar Inna ina ganinta a hoto, amma na manta muryarta. Duk kaset-kaset ɗin nan naka babu inda ta yi magana?” Na ce babu. Bayan shekara uku ka sake tambaya, na sake cewa babu, har na hau ka da faɗa wai ka dame ni. Akwai. Ga shi nan a hannunka. Kaɗan ne ƙwarai, kuma ni na mayar da shi kaɗan. Ina so ka ji yadda anka yi, sa'an nan ka yanke mini hukunci.

Shekarar da anka ba mu jiha kana ɗan shekara biyar, ni kuwa na ajiye kaki ke nan na dawo gida. Gari ya cika da ma'aikatan da anka maido daga Sakkwato, kowa na neman ɗakin haya, ofis uku cikin gida ɗaya. A cikinsu na tsinci masu busa: tsofaffin soja, malaman makaranta biyu, da wani akawu mai hannun ganga. Na tara mutum goma sha huɗu, begila huɗu, tirambon uku, saksafon huɗu, mai ganguna da masu jita biyu, ni na sha biyar ina gaba da sanda. Kakanka Malam ya daɗe da gajiya da yi mini nasiha a kan kiɗa. Abin da ya ce kawai shi ne, “In ladan ya kira, a ajiye ƙarfe.” Munka riƙe masa wannan.

Kiɗan jaz na Turawa na koya a Kaduna, a faifan garmahon wani tsohon saje, kuma tun can nake da buri ɗaya: in ɗauko waƙar daka da ta masu dashen shinkafa, in raba su ga bakuna goma sha ɗaya, begila na kira saksafon na amsawa, tirambon na tallabe su daga ƙasa. Kawunka na Ambursa ya ba mu aron sitonsa na shinkafa muna gwaji bayan la'asar, ƙaiƙayi na shiga mana wuya. Kai, na ji daɗin kwanakin nan! Kuma a cikinsu na tafka kurakuran da har yau suke hana ni zama wuri ɗaya.

Na farko ya zo ta kan Bawa. Ba za ka tuna shi ba. Mutumin Gulma ne, gajere, mai ƙaramar saksafon. Gidansu busa algaita sunka gada, soja ne ya ɗora masa ƙarfen Turawa. Ka san dabarar masu algaita: yana shaƙar iska ta hanci yana tura ta kumatu a lokaci guda, sautin ba ya yankewa. Bawa na iya riƙe murya ɗaya har ka je ka sha ruwa ka dawo. Ni kuwa, don wauta, duk sa'ad da na zauna rubuta kiɗa shi nake ji a kunnena. Sai na riƙa jera wa kowa layi mai tsawo babu gurbin numfashi, kamar dukansu a gidan algaita anka haife su.

Wata rana Saje Garba, mai begila ta ɗaya, ya sauke ta daga baki, idanunsa sun yi jajir, leɓensa na jini. Ya ce, “Oga, mu huhu biyu Allah ya ba mu, kuma sun tsufa a bariki. Ina za mu shaƙa?” Na ce masa rago, a gaban kowa. Mutumin da ya girme ni da shekara bakwai! Na dawo gida ina huci ina ba Innarka labari, tana tankaɗe ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, “Malam, mu a Ambursa in an dasa shinkafa ba a bar tsakani ba, ganye take yi, ba ƙwaya.” Na ce me mace ta sani a kan kiɗa. Ashe ta fi ni sani.

Don haka, ɗana, ƙungiyar kiɗan da za ka a Ikko an ce su goma sha bakwai ne, kuma kai za ka tsara musu kiɗa. Duk layin da ka rubuta, ka tashi tsaye ka rera shi da bakinka daga farko har ƙarshe. Inda numfashinka ya ƙare, nan na mai busa zai ƙare, ka bar masa gurbi. Kuma kada ka rubuta “begila ta ɗaya” kawai a saman takarda. Ka rubuta sunan mutumin, don ka tuna leɓen wa za ka wahalar. Ka san wanda haƙorinsa ke ciwo, ka san wanda muryar sama ke ba shi tsoro, ka san wanda azumi ke kayarwa. Ƙarfe ba ya busa kansa.

Na tashi na zuba ruwa a buta na dawo, ban ma san dalilin tashin ba. Bari in ci gaba.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni. Na ɗauki takarda na ɗora ta bisa mutane. Bawa bai iya karatun kiɗa sosai ba, da kunne yake kamawa, sau ɗaya zai ji ya riƙe har abada. Maimakon in gode Allah, sai abin ya riƙa ci mini rai. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce ina jin haushinsa. Ni in kwana uku ina ƙirga muryoyi da fensir, shi ya miƙe ya lumshe ido ya busa abin da bai taɓa zuwa kaina ba, mutane su juya gare shi su manta da mai sanda. Sai na sa masa iyaka. In lokacin busarsa shi kaɗai ya zo, zagayen waƙar biyu na ba shi, ba ƙari. Na ce, “Nan ba gidan biki ba ne, Bawa. Abin da anka rubuta shi za a busa.” Ya ce, “To, Oga.” Bawa bai taɓa musu da ni ba, kuma wannan ma haushi yake ba ni.

Makon jiya ina zaune a zaure na ji ka ta taga kuna gwaji da abokanka na kwalejin fasaha, kana ce wa mai tirambon kunnensa na katako ne. Sunka yi dariya, shi bai yi ba. Muryata na ji ta fito daga bakinka. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma wallahi ba wanga gudun nake so ka gada ba. In mutum ya kuskure, ka tsayar da kiɗa ka ce a koma, ba sai ka kama suna ba, shi ya san kansa. In gyara ne, ka ja shi gefe. In kuwa ka ga wani ya fi ka baiwa, ka buɗe masa hanya ka tsara sauran su tallabe shi. Aikinka ke nan. Mai tsara kiɗa da ke kishin mai busarsa ya riga ya lalace.

Yanzu ga maganar Argungu.

An gayyace mu walimar sallamar wani shugaban makaranta da ya ajiye aiki, a zauren makarantarsu, tsakanin azahar da la'asar. Shi ne karo na farko da za a ɗauki kiɗanmu a gaban jama'a. Abokina Audu mai gyaran rediyo ya zo da babbar rikoda da makirfo biyu da kaset ɗaya mai kyau. Munka tafi a bayan akori-kura, tirambon a kan cinya. Innarka ta ce sai ta bi mu, tana da ƙanwa da ke aure can, ta sa maka sabuwar riga mai aljihu. Wayar makirfo ɗaya ba ta da tsawo, sai Audu ya ɗaure shi a jikin ginshiƙi, dab da bencin mata inda kuke zaune.

Kiɗa uku munka shirya. Biyu sunka wuce lafiya. Na uku shi ne waƙar masu dashe, wadda na fi wahala a kanta. Bawa ya miƙe. Zagaye ɗaya, zagaye biyu, na ɗaga sanda don begila su shigo. Bello, mutumin nan bai ko buɗe ido ba. Ya karkata saksafon ya koma busar gidansu, ya kama murya ɗaya ya riƙe, kumatu sun kumbura, ya riƙe, ya riƙe, sa'an nan ya sako ta tana gangarowa. Saje Garba ya shigo bisa umurnina, ya ji babu wuri, ya fasa, begilarsa ta yi wani kuka kamar an taka agwagwa. Mai ganguna ya watsar da ni ya bi Bawa. Masu tirambon, da ba su da komai a takarda, sunka fara amsa masa da ka. Zauren ya ɗauka. Tsofaffi sunka miƙe, wani na ihu yana kiran sunan kakan Bawa, mata na guɗa. Ni kaɗai ne a wurin nan ke tsaye da sanda a sama kamar an dasa ni. Sai da ya yi zagaye shida ya buɗe ido ya dube ni, na sauke hannu munka rufe.

A hanyar dawowa kowa na raha ban da ni. Washegari da safe na saka kaset. Na ji agwagwar Garba. Na ji benci na ƙara, wani na tari, yara na guje-guje, guɗa ta rufe mini saksafon a daidai inda na fi ƙawata su. Na ji kiɗan da ba ni na rubuta ba, kuma ya fi nawa. Wannan na ƙarshe shi ya ƙona ni, ko da yake a lokacin ce wa kaina na yi hayaniya ce ta ɓata aiki.

Innarka na shara ta tsaya ta jingina da tsintsiya tana saurare tana murmushi. Na ce sake ɗauka za mu yi. Ta ce, “A wani kaset ɗin dai ko?” Na ce a wannan. Ta ce, “Haba Malam, ka bar shi mana. Ranar ta yi daɗi. In yaron nan ya girma ya ji.” Kalmominta ke nan, ban ƙara ko ɗaya ba. Na ce ba zan bar abin kunya da sunana a kai ba. Kaset ba wuyar samu yake ba, Bello, kasuwa cike take da shi. So nake kada kowa ya sake jin ranar nan.

Bayan kwana biyu na tara su a sito, na rufe ƙofa, na sa Audu ya mayar da kaset farko ya danna jan maɓalli. Audu ya ce, “Ka tabbata?” Na harare shi. Munka busa kiɗa ukun nan tsaf, babu tari babu guɗa. Bawa ya yi zagaye biyunsa daidai, idonsa a buɗe yana kallon takardar da bai iya karantawa ba. Da munka gama ya goge saksafon, ya saka ta cikin akwatinta, ya ajiye a gabana, da yake ta ƙungiya ce. Ya ce, “Oga, ruwa ya fara ja, zan koma gida in taya yara su.” Ya koma Gulma ga kamun kifinsa. Ban aika a kira shi ba, girman kai ya hana. Ƙungiyar ba ta shekara ba bayan haka ta watse.

Da damina ta zagayo, zazzaɓi ya kama Innarka ranar Talata, ranar Asabar munka kai ta makwancinta. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Gwaggonka Hassi ta dawo gidan nan don ta riƙe ka.

Na yi wajen shekara biyu ban taɓa kaset ɗin ba. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci na saka shi, ina gyaran takardu. Kiɗan sito ya yi ta tafiya, tsaf, ba rai, kamar tuwon da ba miya. Ya ƙare. Na ji ƙarar maɓallin Audu. Kafin in miƙa hannu in kashe, sai zauren Argungu ya faɗo mini cikin ɗaki.

Ka gane abin da ya faru? Ɗaukar sito ta fi ta Argungu gajarta, don a sito Bawa ya bi takardata. Zagaye huɗun da ya ƙara ranar walima su sunka tura ƙarshen kiɗan gaba, inda sharata ba ta kai ba. Abin da ya saura bai cika minti biyu ba. Za ka ji wutsiyar busar Bawa, ka ji mun rufe, ka ji zaure ya kece. Sa'an nan, dab da makirfon ginshiƙi, guɗa ɗaya doguwa. Ita ce. Tana gamawa ta yi dariya, ta ce, “Babana, sauko daga bencin nan kada ka faɗi. Zo nan.” Ka san sunan mahaifinta ka ci, ba ta taɓa kama sunanka ba. Daga nan sai shuru.

Na zauna a ƙasa ranar nan na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta. Da Bawa ya yi mini biyayya a Argungu, da ko wannan ban samu ba. Kuma a cikin abin da na shafe akwai ta da yawa, don na ji da kunnena kafin in shafe: tana hira da ƙanwarta, tana bin waƙar masu dashe a hankali, tana yi maka wasa. Kusan rabin sa'a na muryarta na bi na taka da kiɗan da ko ni ba na son ji. Da na sani ƙeya ce, a baya take.

Shi ya sa na ce maka babu. In na ba ka minti biyu, za ka tambayi ina sauran, ni kuwa ba ni da fuskar amsawa. Na zaɓi ka rasa muryar uwarka da in rasa girmana a idonka. Shekara takwas ke nan tun da na ce maka babu, ina jinta kowace Juma'a in ka fita, kai kana bin hoto da ido. Wannan shi ne mafi girman laifina, ya fi shafewar kanta, kuma ba ni da wata nasiha da zan rataya masa. Na zalunce ka.

Abin da ya tayar da ni shi ne shekaranjiya. Na leƙo ka a kan kwamfuta kana gyaran wasan da kunka yi a kwaleji. Na ga kana yanke wani abu na ce mene ne, ka ce, “Wata ce ta yi ihu a tsakiya, Baba, share ta zan yi.” Ban san ko wace ce ba. Amma 'yar wani ce, wataƙila wata rana uwar wani.

Ga abin da nake roƙonka, tunda an ce a gaban jama'a za ku ɗauki naku. Ka yi gyaranka, sana'arka ce, ban hana ba. Amma na asali, da tarinsa da kuskurensa da ihunsa, ka ajiye shi gefe kada ka taɓa, ka yi masa kwafi biyu ka ba wani amintacce ɗaya. Kada ka saurari ɗauka a ranar da zuciyarka ke tafasa, ka bar ta ta kwana bakwai. Ka juya makirfo ɗaya ya dubi mutane da gangan. In mai busa ya lumshe ido ya wuce iyakar da ka sa masa, kuma ka ji zaure ya bi shi, ka sauke sanda ka bi su, takarda ba ta gudu. Kada kuma a kashe rikoda da zarar kiɗa ya tsaya. A bar ta ta ɗan ci gaba.

Sauran ka sani. Ka riƙe salla, in ladan ya kira a ajiye ƙarfe. Ikko ba Birnin Kebbi ba ce, ka kula da abin da za a miƙo maka a kofi. Ka ci abinci kafin gwaji, yunwa na sa ka faɗa, irina ne kai.

Na ɓalle haƙoran kaset ɗin tun ranar Juma'ar da na tsinci muryarta, ba mai iya ɗaukar komai a kansa kuma. Zaren ya yi laushi, kada ka bari rikoda ta ja shi baya, ka juya shi da biro a hankali. Ban taɓa kai shi shagon kwafi ba don tsoron injinsu ya cinye. Ke nan shi kaɗai ne a duniya, kuma daga gobe ba ya gidan nan. Kai ka san yadda ake zuba shi a kwamfuta. In ka yi, ka aiko da kwafi ɗaya, in hau mota in kai Gulma. An ce Bawa na nan da rai, idonsa ya yi rauni amma kunnensa garau. Ina da maganar da zan faɗa masa, na makara da ita shekara goma sha biyar.

Ga la'asar ana kira, kuma na ji motsinka a zaure ka dawo daga sallama, bari in naɗe. Ban san da wace fuska za ka gama karatun nan ba. In ka yi fushi, kana da gaskiya, ka yi har ya ishe ka, ba zan ce don me ba. In kuwa Allah ya sanyaya zuciyarka ka yafe mini, ba sai ka ce komai ba. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zan zauna a ɗaki da waya a hannu. Ka kira ni, ka kara wayar jikin rikoda, mu ji ta tare tana ce maka ka sauko daga benci.

Allah ya tsare ka a hanya da masauki, ya raba ka da sharrin mutum da na ƙarfe, ya haɗa ka da abokan aiki masu haƙuri, ya sa ka fi ubanka kunne da zuciya. Allah ya jiƙan Innarka Hauwa Kulu. Gwaggonka na gaishe ka, ta ce ƙulin da ke ƙasan jaka na ci ne, ba na rabo ba.

Wassalam.

Mahaifinka,
Umaru